Ranar da Auta Ya Rataye Gilashin Walda

Auta mai walda ne. Duk layin da sunan nan aka san shi, ko da yake furfura ta cinye masa gemu, har ya yi jika. Shi ne ɗan ƙarshe a ɗakinsu. Yayarsa ce ta goya shi, ita ta fara kiransa Auta, sunan ya bi shi har bakin shago. Shagon kuwa rumfar kwano ce a gefen titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Ƙarafa jingine ko'ina, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ga janareta a lungu yana ta tari. Tun yana yaro ya shiga aikin nan, bai taɓa yin wani ba. Hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, rigunansa kuwa babu wadda wuta ba ta huhhuda ba.

Mutum ne mara magana. Ba fushi ba ne, haka Allah ya yi shi. In ka yi masa alheri ba zai iya yi maka godiya mai tsawo ba, sai dai ka wayi gari ka ga an gyara maka ƙofar da ta daɗe tana kuka. In shi ya yi maka laifi ma haka ne. Ba zai ce ka yi haƙuri ba, ƙarfe zai ɗauko.

Matarsa kuwa akwai baki. Maman Biyu ake ce mata, don haihuwarta ta fari tagwaye ne, mace da namiji. Tana wanke-wanke tana magana, tana shara tana magana, in babu kowa ta yi da kyanwar maƙwabta. Duk faɗan da suka yi a zamansu akwai ƙarfen da ya bari a gidan. Teburin kicin, na faɗan makarantar yara ne. Abin rataye tukwane, na ranar da ya manta da ita a asibiti ne. Da mahaifiyarta ta rasu ya rasa abin da zai ce mata, sai ya yi mata kujera mai lilo, mai kyau wallahi, har da fenti kore. Ta zauna a kai ta yi kukanta ita kaɗai, shi yana can shago.

Haka aka yi ta tafiya. Yara suka girma, kowa ya kama gabansa. Auta ya fita tun gari bai gama wayewa ba, ya dawo a gajiye liƙis, ya ci abinci, ya miƙe a doguwar kujera. Ita ta fara ba shi labarin wuni, kafin ta kai tsakiya ya yi barci baki buɗe.

Sai 'yarsu ta haihu a can ɗaya gefen gari. Maman Biyu ta ce za ta je ta yi musu kwana biyu. Ta tafi da jaka ɗaya. Jariri ya yi wayo, ya fara zama, ya fara rarrafe, ba ta dawo ba. Ba a yi faɗa ba fa, ko kaɗan. Sai dai yau a aiko a ɗauki zannuwanta, wani satin a aiko a ɗauki takalma, daga baya aka zo aka ɗauki 'yar rediyonta ta kicin.

Auta ya ga abin, ya yi abin da ya iya. Ya yi wa jikan gadon ƙarfe mai ƙafafun taya, ya aika. Aka ce an gode. Ya yi keken koyon tafiya, ya aika. Aka ce an gode. Ya canja ƙofar gida gaba ɗaya, ya ɗauki hoto a waya ya tura mata. Ta rubuto, “Ta yi kyau.” Shi ke nan.

Ran nan da rana tsaka Yaya, yayarsa da ta goya shi, ta zo shagon. Ta tsufa ita ma, ƙafa tana damunta, amma bakinta lafiya lau. Ta jira ya kashe wuta, ya ɗage gilashin fuskarsa.

“Auta, ina matarka?”

“Tana wajen jika.”

“Jikan da ya kusa fara aiken gida?”

Mai faci ya leƙo, yana goge hannu da tsumma. “Yaya, ƙyale shi. Jirgin sama yake shirin haɗa wa yaron, shi ne zai ɗauko ta.”

“Kai kuma koma wajen tayoyinka, gulmamme,” in ji Yaya. Ta ja benci ta zauna. “Daga can nake. Na zauna da ita.”

Auta ya ajiye ƙarfen hannunsa. “Fushi take?”

“Da fushi ne ai da sauƙi. Ta ce ta gaji ne. Ta ce a can in ta yi magana, ko jaririn ne yana juyowa ya kalle ta. 'Yarka ta gyara mata ɗaki. Ƙarshen watan nan za su turo mota a kwashe sauran kayanta.”

Ya dubi ƙarfen da ya ajiye. Can ya ce, “Ni me na yi mata, Yaya? Ban taɓa zaginta ba. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ki duba gidan nan, me ya rage ban gyara ba?”

“Ni na ce ka zage ta? Tambaya ɗaya zan yi maka. Yaushe rabon da ka zauna da ita, ba abinci a gabanka, ba barci a idonka?”

Yaya ta miƙe da ƙyar, ta dafa kansa kamar yana ɗan yaro, ta tafi.

Tambayar nan ta bi shi gida. Ya zauna a falo, ba motsin kowa, ya yi ta laluben amsa, sai da ya koma can baya sosai kafin ya samo ta. Lokacin suna sabon aure ba shi da gilashi na kirki, da wani fasasshen baƙin gilashi yake kare ido. Wutar walda takan shige shi. Duk mai wannan aikin ya san ciwon: ido ya yi ja, ya yi ta ruwa, ka ji kamar an zuba maka yashi a ciki. In ya kama shi sai ya kwanta dole. Ita ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta rufe masa ido, ta ɗora kansa a cinyarta, ta yi ta zuba. Abin mamaki, in idonsa na rufe bakinsa yakan buɗe. A haka ya ba ta labarin babansu. A haka ta san yana tsoron kare, ta yi dariya har ta tuntsire. Daga baya ita da kanta, don tausayi, ta sayo masa gilashi mai kyau mai rufe fuska duka. Tun daga nan idonsa bai sake ciwo ba. Bai kuma sake kwanciya a cinyarta ba.

To, ka ji inda tunanin Auta ya tsaya. Da wani ne, da mota zai hau ya je ya same ta. Shi kuwa washegari ya buɗe shago, ya cire gilashin nan ya rataye a ƙusa, ya ja wata ƙatuwar ƙofa ya hau walda da ido tsirara.

Mai faci ya yi ta ihu. “Kai Auta! Ka haukace ne? Ga gilashinka can a rataye!”

“Na gan shi.”

“To sa mana! Dattijo da kai!”

Bai sa ba. Ya yi ta yi har rana ta take.

Da safe Yaya ta zo, don mai faci ya kira ta. Ta tarar da shi zaune a bakin gado, idanu sun kumbura suntum, ruwa na bin gemu, ya kasa buɗe ko ɗaya.

“Innalillahi! Auta, me ka yi wa kanka?”

“Kira ta, Yaya.”

Yaya ta tsaya ta dube shi. Nan take ta gane. Ta so ta rufe shi da faɗa, sai tausayinsa ya kama ta, ta fasa. Ta kira.

Maman Biyu ta zo a tasi. Amma da yake hanyar ta gaban shago ta bi, mai faci ya riga ya tare ta ya kwashe komai ya faɗa mata, har ya nuna mata gilashin a ƙusa, lafiyarsa ƙalau. Ta shigo ɗakin, Auta ya ji takunta, ya gyara kwanciya yana jiran ruwan sanyi.

“Tashi,” ta ce.

“Maman Biyu, tsumma ne kawai za ki…”

“Na ce tashi. Ba tsumman da zan jiƙa. Asibiti za mu.”

Likita ya ɗiga masa magani, ya rufe idanun da auduga da filasta, ya ce a shekarunsa in ya sake wannan wasan zai iya rasa ganinsa gaba ɗaya. Suka fito suka zauna a bencin baranda suna jiran a ba su sauran magani. Yaya ta ce za ta nemo ruwan sha, ta yi nisa, ba ta yi saurin dawowa ba.

“Tsohon banza,” in ji Maman Biyu. “In ka makance wa zai ja ka? Ni? Da wannan bayan nawa da ko sunkuyawa ba ya yi?”

“Ban san wata hanya ba.”

“Hanyar me?”

“Da zan kwanta ki zauna.”

Wata mata ta wuce tana tura keken marasa lafiya, tayarsa na ƙara. Ko a hakan sai da Auta ya juya kai wajen ƙarar, don ya san inda za a sa wa mai.

“Gidan ba daɗi,” ya ce. “In na dawo sai in ji kamar kunnena ya toshe. Maganarki fa ina ji. Ko ban amsa ba ina ji. Ina shago ma takan dawo mini, in yi dariya ni kaɗai.”

“To ni ta ina zan sani? A shago kake dariyar, ni ka bar ni da minshari. Ka cika mini gida da ƙarfe, Auta. In na yi magana tebur ne zai amsa?”

“A'a.”

“Na gaji. Ba wai na daina sonka ba ne. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.”

Ya lalubo hannunta, bai samu ba, ya kama bakin gyalenta. Ba ta fizge ba. Amma ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce za ta zauna har idon ya warke, don kada a ce ta bar makaho.

Ta zauna ɗin. Ta ɗiga masa magani, ta ba shi abinci, ta yi masa faɗa. Ranar da idon ya washe, ya tashi da wuri kamar kullum, ya sa rigar aiki, ya ɗauki makullan shago. Ita kuwa ta riga ta haɗa kayanta. Jakarta na bakin ƙofa a zuge.

Yana fitowa tsakar gida ya gan ta zaune a kan 'yar kujera, da abin yankan farce a hannu, tana ta ƙoƙarin kaiwa ƙafarta. Ta sunkuya, baya ya riƙe, ta cije leɓe ta ɗago. Ta sake, ya sake riƙewa. Auta ya dubi ƙafar. Faratan sun yi tsawo sun yi kauri, na babban yatsa har ya lanƙwasa ya shige nama, wurin ya yi ja. Wannan ba abin wata ɗaya ba ne. Tun kafin ta tafi bayan nan ke hana ta, suna gida ɗaya, bai taɓa gani ba.

Ya tsaya da makullai a hannu. Can ya ajiye su a bakin taga. Ya shiga kicin ya ɗumama ruwa, ya zuba a roba, ya zo ya zauna a ƙasa a gabanta da rigar aikinsa, ya ɗauki ƙafar ya sa a ruwan.

“Me kake yi? Ba shago za ka ba?”

“Sai sun yi laushi tukuna.”

Wayarsa ta yi ƙara, mai ƙatuwar ƙofar nan da ya yi wa walda ne yana jira a shago. Auta ya ce masa gobe. Mutumin ya fara surutu, ya kashe.

Tana kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare. Shirun ya yi mata yawa, ba ta iyawa. Sai ta fara ba shi labarin surukar 'yarsu, wadda ke zuwa kullum ta buɗe tukwane tana leƙe. Ta kai tsakiya ta tsaya, don a nan ta saba tsayawa.

“Sai me ta ce?” in ji Auta, bai ɗago ba.

Maman Biyu ta dube shi. Sannan ta ci gaba, har da kwaikwayon muryar matar, shi kuma ya yi dariya, a nan gabanta.

A daidai nan Yaya ta iso, ta turo ƙofa kaɗan. Ta ga Auta a ƙasa da ƙafar matarsa a cinya, rana ta fito sosai, shago a rufe. Ta ji Maman Biyu ta ɗauki waya tana ce wa 'yarta, “Maganar motar nan, ku bar ta tukuna. E, na ce ku bar ta. Zan riƙa leƙo ku.”

Yaya ba ta shiga ba. Ta ja ƙofar a hankali, ta juya, ta manta ma da ciwon ƙafa. Har ta kai bakin titi tana jiyo muryar Maman Biyu daga ciki:

“Wayyo! A hankali mana, Auta! Yatsa ne, ba ƙarfe ba!”