Ta'aziyyar da Ta Ci Kofi

Malam Maiwada na Birnin Tudu manomin shinkafa ne, amma ko shinkafar ta san ba ita ce a gabansa ba. Ainihin aikinsa zuwa ta'aziyya. Shekara talatin muna katanga ɗaya, ban taɓa jin an yi rasuwa tsakanin Bakura da Maradun tsohon kekensa bai isa ba. Ko ya san mamacin ko bai san shi ba, wannan bai dame shi ba. Kuma ya iya. Zai durƙusa ya bi kowa da gaisuwa, ya yabi marigayi har 'ya'yansa su fara mamakin ashe haka ubansu yake. Da wannan ake girmama shi, da shi kuma yake ji da kansa.

Wata Talata yana dawowa daga kasuwar Mafara, ya hangi tabarmi a ƙofar wani gida, mutane sun yi jugum. Abin da bai hanga ba shi ne kyamarar da ke cikin zaure. Wani saurayi ne, Mustapha, yake ɗaukar fim ɗinsa na farko, mai ban dariya da ban tausayi, kan 'yan'uwa uku masu rigima a kan injin ban-ruwan da ubansu ya bari. Kyamarar ta aro ce, mutanensa kuma ba su da yawa, har wanda ya fito a matsayin mamacin an naɗa masa rawani an zaunar da shi cikin masu makokin kansa.

Maiwada ya jingine keke, ya cire takalmi.

"Ya hanƙuri? Ya ƙarin hanƙuri? Allahu akbar, ashe lokaci ya yi! Mutumen kirki. Ko sati ba a yi ba da munka gaisa."

Da ya zo kan mai rawani, sai ya ƙura masa ido. "Kai ƙanenai na ko? Wallahi kamar ta ɓaci."

Bawan Allah ya danne dariya har hawaye suka zubo. Maiwada ya ɗauka kuka ne, ya riƙe masa hannu yana lallashi. Minti goma sha ɗaya aka yi, Mustapha bai kashe kyamara ba.

Da aka yi wa Maiwada bayani, ransa ya ɓaci ƙwarai. "To ku maido man addu'ata, akwai masu buƙata!" Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda a bar wurin a fim. Ya yarda ne don a ganinsa babu mai hankalin da zai zauna kallon wannan shirme.

Shirmen nan kofi huɗu ya ci a wani bikin finafinai a Abuja, har da na gwarzon mataimakin jarumi, wato Maiwada. Alƙalai suka ce ba su taɓa ganin ɗan wasan da bai nuna alamar ya san da kyamara ba kamarsa. Ai kuwa sun yi gaskiya. Bai je karɓa ba, ranar akwai addu'ar uku a Janbako. Aka kawo masa kofin har gida, matarsa Saude ta juya shi, ta ce nauyinsa daidai danne murfin tukunya.

Daga nan abin ya lalace. Minti sha ɗayan nan ya shiga kowace waya. Maiwada zai durƙusa a gidan rasuwa na gaske, yana cewa "Ya hanƙuri," sai ka ga kafaɗu suna rawa. A Maradun sai da aka fitar da wani magidanci, ɗan mamaci ne kuwa, yana riƙe da ciki. Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi dariyar. Amma ranar da na ji an yi rasuwa a unguwarmu, na leƙa na ga Maiwada zaune yana gyaran fartanyar da ba ta lalace ba, wallahi sai na ji kunya ta kama ni. Wata biyar bai taka gidan makoki ba.

Sai Sadi na Damaga ya rasu, amininsa tun suna kiwon awaki. Ya je jana'iza ya tsaya can baya. Ran uku muka koma tare, ya sake rakuɓewa a gefe. Kamilu, babban ɗan marigayin, ya zo ya tsuguna.

"Baba, Inna ta ce kowa ya gaishe ta, taka ɗai ta ba ta ji ba. Kwana ukku ke nan ko hawaye ta kasa."

Maiwada ya tashi kamar mai ciwon baya, ya tsaya a bakin ɗakin tsohuwar, wato Nagode matar Sadi, ya yi gyaran murya.

"Nagode, ya hanƙuri?"

Wata mata ta tuntsire a ciki. Tsohuwar ma ta fashe da dariya, ta yi ta yi, har dariyar ta karye ta koma kuka mai ƙarfi. Na ɗauka zai juya ya tafi. Sai ya durƙusa, ya fara ba ta labarin Sadi tun daga farko. Wannan karon duk abin da ya faɗa ya faru.