Ɗayyabu Ya Kai Harshensa Ɗori

Ɗayyabu dillalin albasa ne a kasuwar Aliero, asalinsa mutumin ƙauyen Liba. Ni maƙwabcinsa ne, don haka yawancin abin da zan faɗa ta kan katanga na gan shi. Dogo ne, mai taurin kai. Turancinsa daidai na ciniki, a gindin mota ya tsince shi, kuma bai taɓa jin kunyarsa ba. Harafi ɗaya ne ya gagare shi, wato P. Da ya nufo shi sai leɓɓansa su ƙi haɗuwa, iska ta zube a banza.

Abin takaicin, babban amininsa a duniya sunansa Pius, direban tirela daga kudu wanda ya fi shekara ashirin yana lodin albasa a hannunsa. Ɗayyabu Hwayos yake ce masa. Shi kuwa Pius da naci ya koyi faɗin "Ɗayyabu" tsaf, har ya fi wasu 'yan gari. Wannan abu ya daɗe yana cin Ɗayyabu a rai. Ranar da Pius ya ce idonsa ya yi rauni, lodin bana ne na ƙarshe, zai ajiye tuƙi ya koma gida, Ɗayyabu ya rantse sai ya kira sunan mutumin nan daidai ko da sau ɗaya ne kafin su rabu.

To mu a Aliero, duk abin da ya karkace a jiki wurin masu ɗori ake kai shi. Ɗayyabu ya bi layi a zauren Attahiru mai ɗori, tsakanin wanda ya faɗo daga babur da wanda jaki ya harba. Da aka zo kansa sai ya zaro harshe.

Attahiru ya ce, "Ina karayat take?"

"Nan ciki, Malam. Akwai harahi guda na Turanci da ba ya hita."

Attahiru ya leƙa, ya latsa. "Wanga abu babu ƙashi ciki. Mi ni ka ɗorawa?"

Amma ba a saba fita zaurensa haka nan ba. Ya ɗaure masa haɓa da karare da tsumma kamar yadda yake yi wa ƙafa, ya hana shi magana na ɗan lokaci. Kasuwa ta huta, mu ma maƙwabta mun gode Allah. Ranar da aka kwance, muka taru mu ji. Ɗayyabu ya gyara murya ya ce, "Hwayos."

'Yarsa Bushira, wadda ke koyarwa a Jega, ita ta kawo dabara. Ta ce, "Baba, ka riƙa ɓawon albasa gaban bakinka. Ka ruhe leɓe, ka sake shi da ƙarhi. In ɓawon yat tashi, harahin ya hita."

Daga nan ni na shiga uku. Safe da yamma Ɗayyabu na zaune a rumbun albasarsa yana hura ɓawo, ɓawon na tsallako katanga yana sauka cikin miyata. Da na yi ƙorafi ya ce ilimi ake nema. Kuma wallahi ya iya. Sai dai da ɓawo kawai, da an ɗauke shi sai leɓɓan su koma gidan jiya.

Ranar lodin ƙarshe Ɗayyabu ya sa babbar riga, ya cika aljihu da ɓawo. Pius ya juya baya yana duba igiyar kaya. Ɗayyabu ya tsaya a bayansa, ya ɗaga ɓawo gaban baki, ya ce, "Pius." Ɓawon ya tashi sama.

Pius ya daskare. Ya fara laluben takardun mota, ya zaci jami'an hanya ne suka biyo shi har kasuwa. Da ya waiwayo ya ga wanda ya kira shi, sai fuskarsa ta canza.

"Ɗayyabu, na yi maka laifi ne?"

Ɗayyabu ya kwashe labarin ɗori da na ɓawo ya faɗa masa, yana jiran yabo. Pius bai yi dariya ba. Ya ce, "Inda zan koma kowa Pius yake ce mini. Mutum ɗaya ne a duniya yake ce mini Hwayos. Shi ma ƙwacewa za ka yi?"

Ɗayyabu ya sa hannu a aljihu, ya zazzage ɓawon a ƙasa.

"Allah shi kiyaye hanya, Hwayos."

Na yi hawaye a wurin, masu lodi ma haka. Ga albasa buhu-buhu kewaye da mu, amma ba wanda ya ɗora mata laifi.