Ɗigon Fetur a Kan Salansa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, manomin rani a fadamar Zandam, amma har gobe ƙanshin fetur shi yake tuna mini.

Yaya yana da tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ya same shi yana saurayi, ranar da ya ɗura wa injin ban ruwa mai alhali injin bai huce ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar, in mai ya ƙare, sai ya tsoma tsinke a jarka ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan salansa, bututun hayaƙin injin. In ɗigon ya kwanta ya bushe a hankali, ya zuba. In ya yi cuu ya ɓace, ya dakata. In kuwa ya dunƙule yana rawa kamar ruwa a kaskon tuya, to ƙarfen ya yi zafi matuƙa, sai ya kai jarkar gindin mangwaro ya zauna.

Maƙwabta sun sha yi masa tsiya, wai Sabo na jiran inji ya gama barci tumatir na ƙishi. Amsarsa ɗaya ce: “Man da ya ɓace bai tafi ko'ina ba. Yana nan cikin iska yana jiran wuta.”

Ciwo ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa. Yau fadamar ta canza. Wasu sun mayar da injinansu na gas, masu hali sun kafa sola. Da yana raye na san zai yi murna da solar, ya kuma zagaya tukunyar gas ɗin nan yana taɓe baki.

Tsohon injinsa yana hannun babban ɗansa Habibu, magidanci mai gaggawa kamar ni. Shi nake ji wa tsoro. Ranin bana na je gonar da tsakar rana, na tarar injin ya mutu, tumatir ya langaɓe, Habibu na tsaye a kansa da jarka a buɗe. Gabana ya faɗi.

Sai na ga ya sunkuya ya tsinci tsinke, ya tsoma a jarkar ya ɗiga a kan salansa. Ɗigon ya dunƙule, ya yi rawarsa. Habibu ya rufe jarkar ya nufi gindin mangwaro.

“Baffa, zo mu zauna,” ya ce, “bai huce ba.”

Na zauna, na kasa riƙe hawaye. Allah Ya jiƙan Yaya, hannun ɗansa ba tabo.