Ƙullutun Agarar Gidanmu

Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce. Ku natsu ku ji.

A gidanmu na Zurmi akwai wani ƙullutu da kan fito mana a agara, mai tauri kamar ƙwallon magarya. Ubana yana da shi, ina da shi, ɗana na fari ma haka. Tambarin gida muke ce masa. Ɗan nan nawa da ƙuruciyarsa ya dafe ƙirji a gonar dawa, ya faɗi, bai tashi ba. Muka ce kwana ya ƙare.

Ya bar yaro namiji. Ranar da na ga ƙullutun a ƙafar jikan nan, yana ɗan shekara goma sha uku, guɗa na yi. Siriri ne kamar karan gero, sai na dinga malala masa man shanu a tuwo, ina ɓoye masa kitse ran kasuwa.

"Angona, ci ka yi ƙiba, kar a ce ban iya riƙon miji ba."

"Tsohuwa, ba so ba ne, haƙora ne babu!"

Da takalmin makaranta ya fara gurje wurin, uwarsa ta kai shi asibiti a Kaura Namoda, na bi su. Likita ta sa aka ɗibi jini. Ta ce maiƙon da ke cikin jinin yara yakan ɗan hau kafin balaga, ya sauka lokacinta, ko'ina a duniya. Nasa kuwa ya wuce na manya, ƙiba ko rama ba ruwansu. Sai ta dube ni.

"Kaka, mu ga ƙafarki."

Na miƙa. Ta shafa, ta tambayi abin da ya kashe uban yaron. Ta ce gado ne, yana toshe hanyar zuciya, ba laifin kowa. Na ji ta. Amma daga jikina ya fita, kuma ni na yi masa guɗa.

Likita ta ce a kawo sauran jikoki. Na hau mashin har Shinkafi, gidan 'yata, na faɗa da bakina.

Jikan yana shan magani kullum, ya yi tsawo, yana tsokanata wai na koma marowaciya tun da na hana shi kitse. Uwarsa ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. 'Yata ta kai 'ya'yanta biyu, aka samu a ɗaya. Ƙanena ya ƙi kai nasa, wai ba a auna jinin mai lafiya. Ni kuwa duk Juma'a ina ƙofar gidansa, ina yi masa naci.