Kulocin babur ɗin Baba

Shekarun baya, akwai wani tsohon babur a zauren gidanmu na Tudun Wada, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Na mahaifina ne, tun yana aikin kuza a Riruwai ya saye shi. A can wurin aikin ne ƙarfe ya datse masa yatsu biyu na hannun hagu, mun taso mun gan shi haka, har mun daina lura. Babur ɗin kuwa kuloci ne ya kwantar da shi: ka sa giya, ka murɗa mai, injin ya yi ta ihu, taya tana tafiyar hawainiya.

Wata damina aka aiko cewa amininsa na Riruwai ba lafiya, kuma idonsa ya tafi. Na ce zan samo mota in kai shi. Baba ya ce a'a.

"Ba zai gan ni ba," in ji shi. "Amma ya san kukan babur ɗin nan tun daga kan kwana. A kansa zan je, kuma ni zan tuƙa."

Ni kuma lokacin ina ji da kaina, don na ɗan zauna garejin wani abokina bakanike a Bebeji, na iya riƙe sifana. Na kira shi ya zo ranar da ba kasuwa, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, muka tsiyaye baƙin mai, muka buɗe murfin kulocin. Faya-fayan kulocin sun ƙone sun yi baƙi kamar ƙanzon tukunya. Sifirin ɗin da ke danne su kuma suka ba ni dariya, don ba ma iri ɗaya ba ne, wasu sirara, wani har da alamar an goge shi da zarto. Na ɗaga ɗaya na ce wa abokina, "Dubi yadda wani mugun bakanike ya cuci tsohon nan." Na watsar da su gefe.

Samun kayan ya ba mu wahala. Sai da abokina ya shiga Kano wajen masu tsofaffin kaya ya dawo da sababbin faya-fayai da sifirin masu kauri. Ya ce kada a ɗaura faifai a bushe, sai ya sha mai. Na ɗauko tasar mahaifiyata na jiƙa su a ciki, ta fito ta tarar. Faɗan da na sha ran nan ya ishi mutum uku.

Washegari muka jera su, na ƙarfe bayan na fata, muka ɗaure a hankali, muka daidaita waya. Bugu biyu babur ya tashi. Na zaga da shi har bayan kasuwa, yana fizga kamar sabo. Na dawo ina ta washe baki, na ce, "Baba, bismillah."

Ya gyara riga ya hau. Ya kai hannun hagu ya ja kuloci da yatsun da suka rage masa, abin ya motsa kaɗan ya tsaya. Ya sake ja, jijiyar hannunsa ta tashi, bai kai ba. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya sauko ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi muku albarka. A nemo motar." Ya shige ciki.

Ban taɓa jin godiyar da ta yi min ciwo irin wannan ba. Na rasa me na yi, har sai da mahaifiyata ta kira ni madafi.

"Waɗancan ƙarafan da ka zubar, ka san wa ya sa su?" ta tambaye ni. "Shi ya sa su da kansa. Bayan hannunsa ya warke, wata da watanni yana gwada wannan yana cire wancan, har ya samu waɗanda yatsunsa za su iya. Ba ya son a ce an rage masa wani abu saboda hannun, shi ya sa bai gaya maka ba."

Na ce to ai na zubar, ƙila ma 'yan gwangwan sun tsince. Ta harare ni, ta miƙa hannu saman katanga ta ɗauko gwangwanin madara. Suna ciki, ta share su tare da shara ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Muka sake buɗe murfin. Abokina ya ce tunda faya-fayan sababbi ne za su riƙe, in dai ba buhun masara za a ɗora ba. Muka mayar da tsofaffin sifirin. Ban ce wa Baba komai ba, na dai roƙe shi ya sake gwadawa, wai waya ce na sassauta. Ya ja, kuloci ya bi hannunsa har ƙarshe. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar madafi, ya ce, "Hau baya."

Haka muka ratsa dajin Falgore muka wuce Doguwa, a hankali, ina riƙe da ledar goro. Muna shan kwanar layin, tun Baba bai kashe injin ba, muka ji murya daga cikin wani zaure tana cewa, "Ku shimfiɗa tabarma, ga mutumina nan." Suka riƙe hannun juna suna ta dariya, ni na koma waje don hawaye sun zo min. Aminin bai ga kakar wannan shekarar ba, Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan, in na ga abu a karkace a hannun tsoho, sai na tambaya kafin in miƙe shi. Baba ma ya rasu yanzu, babur ɗin yana wurina. Duk wanda ya hau sai ya ce kulocin nan ya yi laushi da yawa, in canza sifirin. Nakan ce su bar shi haka. Wani lokaci in na fita da shi, sai in lanƙwashe yatsu biyu in ja da sauran, kuma har yau yana bin hannuna.