Ranar da Na Zauna a Bencin Ƙarshe

'Ya'yan nan, akwai ranar da har yau ba ta bar idona ba, cikin shekarun da na yi ina sharar wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Baure.

Da kaka ne. Aka ce jami'in duba malamai zai zo daga Daura. Aikinsa ya zauna a aji ya ga yadda ake koyarwa, abin da ya rubuta kuwa shi ke ɗaga malami ko ya tsayar da shi. Malama Rabi, mai koyar da labarin ƙasa, ita ce a kan layi. An riga an yi mata kashedi cewa yara na gudun ajinta, in aka sake samun haka za a mayar da ita can nesa, ga mahaifiyarta kwance ba lafiya. Alhali yaran roron wake suka tafi.

Sai shugabar makaranta ta miƙo mana hijaban ɗalibai, ni da mai awarar bakin ƙofa, ta ce mu cike bencin baya, kada mu ko yi tari. Ni da ban taɓa riƙe alli ba.

Malama ta sa aka rufe tagogi. Ta ɗaga lemo, ta haska shi da fitilar waya, tana juya shi sannu a hankali. Ta ce wannan ƙasa ce, nan rana, nan dare. Ajin ya yi duhu, lemon nan kaɗai ke iyo cikin haske. Na manta da tsintsiya, na manta da kaina.

Ashe jami'in na kallon hannuwana. Ya ce, "Iya, ke kin gane?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba. In ƙasa ke juyawa, me ya hana ruwan randata zubewa?"

Yara suka tuntsire da dariya. Shugaba ta sunkuyar da kai. Malama kuwa ta tako har inda nake, ta durƙusa.

"Iya, da kina goyo, in kin juya ɗan faɗuwa yake?"

Na ce a'a.

"To haka Allah ya sa ƙasa ta goya mu, ke da randarki."

Da zai tafi, jami'in ya ja wa shugaba kunne kada a sake sa tsofaffi kayan yara. Amma ya ce ya ga malama ta gaske, kuma haka zai rubuta. Ba a mayar da ita can nesa ba.

A ranar na san ba da cikar benci ake auna malami ba, da yadda yake yi wa wanda bai gane ba ne. Har yau in rana za ta faɗi nakan zauna kusa da randa, in ji ana tafiya da ni a goye.