Safa Ƙwaya Ɗaya a Ƙusa

Jiya muka gama jarabawa. Ina cikin bas daga Kafin Hausa, sai zuba hotuna nake a waya ina jin kaina a sama, kawai wata a bayana ta ɓare minti. Ƙamshin na bugo ni, wallahi murnar ta tsaya cak. Sai ga ni a gidanmu na haya a Limawa, ina 'yar firamare.

A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwar nas 'yar Filato, kowa Mama yake ce mata. Ita kaɗai take zaune. Ɗanta guda ya tafi Ingila karatu, shi ke nan ya maƙale a can. Duk Disamba, da sanyi ya fara fasa mana leɓe, za ka ji tana cewa bana kam zai zo.

Mahaifiyarta ta yi wa turawan mishan girki, a wajenta ta gaji alewar Kirsimeti. Sukari ne da ruwa da ɗan lemon tsami, sai ɗigon man na'ana'a daga wata 'yar kwalba da take ɓoyo kamar zinare. In ya yi danƙo ta juye a tiren da ta shafe da mai, ta yi ta ja tana ninkewa da zafinsa har ya yi fari fat. Rabinsa ta sa masa jar kala, ta murɗe su tare, ta lanƙwasa kan kamar kwagiri. Ni dai aikina kallo da lashe cokali.

Ashe turawa safa suke ratayewa ranar jajiberin Kirsimeti, kowane yaro da tasa, a cika masa da alewa. Mu ina muka sani? Mu dai mun ga safa ƙwaya ɗaya, duk ta koɗe, rataye a ƙusa bakin ƙofarta. Abin ya tsaya wa Ummanmu a rai. Ta ce, "Baiwar Allah, ga sanyi, ɗayar ta ɓata, ba mai sayo mata." Ranar kasuwar Shuwarin ta sayo sababbi masu kauri, ta ja ni muka kai.

"Mama, ga wannan, a rufe ƙafa."

Mama ta kalli ledar, ta kalli ƙusa, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Can sai na ga tana goge ido da bakin zani. Ta ce, "'Yata, ta yaron nan ce. Tun yana rarrafe nake rataye masa." Umma ta rasa inda za ta sa kanta, sai "Allah ya kawo shi lafiya" take ta maimaitawa.

Bai zo ba. Waya ya bugo, ita ma tana ta yankewa. Amma ranar Kirsimeti da safe da na leƙo, ƙusa ta zama biyu, sabuwar safa ɗaya ta kumbura tim. Mama ta ce, "Ke, sarauniyar lashe cokali, taki ce. Zo ki sauke kafin tururuwa su riga ki."

Ina shiga sakandare ta koma garinsu. Lambar da ta bar mana ta daɗe da daina shiga. An yi wa gidan fenti, an cire ƙusoshin. Yanzu minti ga shi nan kowane shago, amma ba wanda yake ƙona maka harshe da ɗumin tire.

Safar tana akwatina har yau. Kwanaki 'yar ɗakinmu ta gani, ta ce, "Ke, ina ɗayar? In sayo miki wasu?"

Na ce ta barta. Ɗayar tana wajen Mama.